Ƙanena yana shaye-shaye, cibiyoyi kuma sun yi yawa a birni: ta ina zan fara?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa ƙanenta mai shekara 24 ya kai shekara uku yana shan tiramol da kodin, kwanan nan kuma ta tsinci ƙwayoyin barci a aljihunsa. A babban birni suke zaune, cibiyoyin gyaran hali ga su nan birjik, kowace tana tallan kanta a intanet. Tana son sanin inda za ta kai shi, da yadda za ta bambance cibiyar kirki da ta 'yan neman kuɗi.

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kafin ki nemi cibiyar da za a kwantar da shi, ki nemi likitan da zai duba shi. Yawancin iyalai da wurin ajiyewa suke farawa, saboda sun gaji, suna son a ɗauke musu shi ko da na wata ɗaya ne su samu barci. Gajiyar gaskiya ce, babu wanda zai zarge ki a kanta. Amma kwanciya hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin magani, kuma ba kowa ke bukatarta ba. Cibiyar da ke cin abinci da gadajenta ba ita ya kamata ta yanke hukuncin ko yana bukatar gado ba.

Abin da ya sa na nace a kan likita shi ne haɗin da kika ambata. Tiramol da kodin 'yan gida ɗaya ne da mofin da hiroyin, dukkansu suna rage numfashi. Ƙwayoyin barci, idan dangin diyazifam ne, su ma haka suke yi, to haɗa su biyun ne ke sa mutum ya kwanta bai farka ba. Wajen dainawa kuma kowanne da halinsa. Wanda ya yanke kodin lokaci guda zai sha wahala, amma da wuya hakan ya kashe mai ƙoshin lafiya. Wanda jikinsa ya saba da dangin diyazifam kuwa, idan aka yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga, ya ruɗe, har ya rasa ransa. Haka abin yake ga mai shan barasa kullum. Shi tiramol ko ana cikin shansa yana jawo jijjiga, musamman idan an wuce miligiram 400 a rana, wanda shi ne iyakar da likita ke rubutawa, masu shaye-shaye kuwa sukan ninka wannan. Don haka kada ki kwashe ƙwayoyin ki kulle shi a ɗaki da sunan taimako, kada kuma ki miƙa shi ga wurin da zai yi masa hakan.

A babban birni ƙofa mafi aminci ita ce sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ko na babban asibitin gwamnati, ko kuma asibitin ƙwaƙwalwa na musamman idan akwai. Da yawansu suna da ɓangaren masu shaye-shaye da ranar ganinsu. Mutane na gudun wannan ƙofa saboda sunan, sai ka ji an ce "ai ba mahaukaci ba ne". Maganin shaye-shaye reshe ne na aikin likitan ƙwaƙwalwa, zuwa wurinsa ba shaidar hauka ba ce. Idan layin ya yi tsawo, ko dole sai da takardar turawa, ki fara da likitan da kuka saba gani ya rubuta muku, ya kuma yi gwaje-gwajen farko kafin ranar ta zo. Ma'aikatar lafiya ko hukumar da ke ba asibitoci lasisi tana da jerin wuraren da ta yi wa rajista; ki nemi jerin, ki duba sunan duk cibiyar da ake yi miki tallanta. A ƙasashe da dama hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da sashen ba da shawara da lambar waya ta neman taimako, sai dai ki tambaya tun farko ko abin da kika faɗa zai tsaya wurin masu ba da shawara ko zai kai ga masu kame.

Akwai wata ƙofa da iyalai ba su cika tunawa da ita ba: tarukan waɗanda suka daina, irin na ƙungiyar Narcotics Anonymous da aka kafa a Amurka a 1953, wadda yanzu take da rassa a manyan birane da yawa na duniya. Ba asibiti ba ce, ba ta ba da magani, ba ta karɓar kuɗin shiga. Amfaninta gare ki a wannan mataki shi ne mutanen cikinta sun kwanta a cibiyoyin birnin da kansu, sun san inda likita ke zuwa da gaske da inda sunansa kawai ke jikin allo. Wasu tarukan na masu shaye-shayen ne kaɗai, wasu a buɗe suke ga 'yan'uwa, sai ki tambaya.

Intanet kuwa ki yi hattara da ita. Sunayen da ke fara fitowa a sama sau da yawa talla ce da aka biya. Wasu lambobin wayar ma ba na wata cibiya ba ne, na dillalai ne da ke karɓar la'ada a kan duk wanda suka kai. Alamarsu ba ta ɓuya: kafin su tambayi abin da yake sha sun tambayi yadda za ki biya, sannan su ce gado ɗaya ya rage, ki turo kafin alƙalami yau.

Kafin ranar ganin likita ki rubuta abin da kika sani a takarda: sunan kowace ƙwaya, nawa yake sha a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, ko yana allura, ko ya taɓa faɗuwa da jijjiga, ko ya taɓa gwada dainawa da abin da ya faru, ko ya taɓa maganar kashe kansa. Ki tafi da fakiti da kwalaben da kika tsinta, domin sunan da ake kiran ƙwaya da shi a titi ba kullum yake nuna abin da ke cikinta ba. Dubawar kirki takan ci kusan awa ɗaya, kuma likita zai so ya gan shi shi kaɗai na wani lokaci. Ki ba su wuri, adadin da zai faɗa a gabanki ba shi ne na gaskiya ba. Akan yi gwajin fitsari, da na ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da lafiyar hanta da ƙoda, tunda wasu magungunan kodin a haɗe suke da farasitamol wanda ke lalata hanta idan ya yi yawa. Za a kuma bincika ko akwai ciwon damuwa, ko fargaba, ko rashin barci, ko wani ciwon jiki da ya fara kai shi ga ƙwayar. Idan aka bar wannan ba a magance ba, shi ne zai mayar da shi. Tunda baligi ne, asibiti ba zai ba ki bayaninsa ba sai da izininsa, saboda haka ki roƙe shi tun ranar farko ya sa hannu a kan cewa ana iya magana da ke.

Daga wannan dubawar ne za a san matakin da ya dace. Akwai mai zuwa daga gida sau ɗaya ko biyu a mako. Akwai mai wuni a asibiti kwana uku zuwa biyar a mako, ya koma gida ya kwana. Akwai kwanciyar mako ɗaya zuwa biyu don a tsallake da shi wahalar yankewa, sannan akwai zaman cibiya na wata ɗaya zuwa wata uku ko fiye. Ana karkata ga kwanciya idan mutum yana haɗa ƙwayoyi iri-iri, ko ya taɓa jijjiga, ko yana da wani ciwo mai tsanani, ko yana tunanin kashe kansa, ko gidan da zai koma akwai masu sha, ko an gwada daga gida ba a dace ba. Bisa abin da kika faɗa, akwai yiwuwar ƙanenki ya bukaci gajeriyar kwanciya a farko saboda haɗin nan, amma wanda ya gan shi ne zai tabbatar.

Nan ne iyalai suka fi asarar kuɗi, don haka bari in daɗe a kai. Abin da ake kira wanke jiki, wato gajeriyar kwanciyar nan ta tsallake wahalar yankewa, ba shi ne maganin ba. Babu ƙarin ruwa ko allurar da ke wanke ƙwaya daga jini. Hanta da ƙoda ne ke fitar da ita cikin 'yan kwanaki. Aikin asibiti a wannan lokaci shi ne ya sauƙaƙa wahalar, ya kuma tsare rai. Ga mai shan kodin ko tiramol, alamun kan fara cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: hamma, hawaye, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, amai, gudawa, rashin barci. Sukan tsananta a rana ta biyu da ta uku, su lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Tiramol yakan ƙara da nasa na daban, wato fargaba mai tsanani, ruɗewa, wani lokaci har da gane-gane, domin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Ƙwayoyin barci ba a gama da su a mako ɗaya. Akan mayar da mutum kan mai daɗewa a jiki, a riƙa rage kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu, abin da kan ɗauki watanni. Cibiyar da ta ce za ta raba shi da su duka cikin kwana bakwai, ko dai ba ta san aikin ba, ko ba ta damu ba.

Bayan an tsallake wannan, jiki ya huta amma sha'awar tana nan, rashin barci da ƙuncin rai kuma sukan yi makonni. Mafi yawan waɗanda aka tsaya da su a wanke jiki kawai sukan koma ruwa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: bayan kwana goman farko, me za ku yi masa?

Ga dangin mofin akwai magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa da komawa ruwa. Metadon da bufrenofin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005. Ana shansu kullum a ƙarƙashin kulawa, suna kwantar da sha'awar da wahalar yankewa, mutum ya iya zuwa aiki ko makaranta. Metadon ana fara shi da kaɗan, galibi ba a wuce miligiram 30 a ranar farko, a riƙa ƙarawa a hankali, saboda yana taruwa a jiki kuma makonni biyun farko ne suka fi haɗari. Bufrenofin ba a fara shi sai alamun yankewa sun bayyana sosai. Idan aka yi gaggawa, shi da kansa zai jefa mutum cikin wahala mai tsanani, daga nan kuma da wuya ya sake yarda da shi. Na uku shi ne naltirekson, mai toshe aikin ƙwayar gaba ɗaya, amma sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ko ɗaya a jikinsa. Za ki ji masu cewa shan metadon ko bufrenofin musayar ƙwaya ce da ƙwaya. Ban yarda da su ba: wanda ke shan adadi sananne daga hannun likita, yana aikinsa, yana kwana a gidansu, ba a halin da yake jiya yake ba. Ba kowace ƙasa ake samun waɗannan magunguna ba, ba kuma kowane mai shan kodin ko tiramol ke bukatarsu ba, wasu rage musu a hankali ya wadatar. Abin da nake so ki lura da shi shi ne ko cibiyar ta san su, ko tana iya tura shi inda ake bayarwa idan ya bukata. Ga masu wiwi, hodar iblis ko ais (wato metamfetamin), har yanzu babu maganin sha da aka amince da shi a kan haka, jiyyarsu ta zama da ƙwararru ce.

Wannan zaman ma ki tambayi irinsa. Nasiha da wa'azi suna da amfaninsu, amma ba su ne ake nufi ba. Ana nufin zama da masanin halayyar ɗan Adam da zai koya masa gane abin da ke tayar masa da sha'awar, wane wuri, wane aboki, wane lokaci, wane ɓacin rai, da abin da zai yi a cikin mintunan da take kan ganiyarta. Akwai tsarin ba da ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsari ya fito babu ƙwaya, wanda ya fi yin tasiri ga masu hodar iblis da ais. Akwai kuma zama da iyali. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa jiyyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, ga metadon kuwa shekara ɗaya ce mafi ƙaranci. Kwana 90 ɗin ba lallai a gado ba, har da zuwa daga gida.

Idan kin tace sunaye biyu ko uku, ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki nemi a nuna miki lasisin wurin, da sunan likitan da lambar rajistarsa, ki tambayi kwana nawa yake zuwa a mako, da wanda ke kwana da marasa lafiya. Amsar da ake so ita ce nas, ba mai gadi ba. Ki tambaya: idan ya faɗi da jijjiga ƙarfe biyun dare, me za ku yi, wane asibiti za ku kai shi, da wace mota? Ki nemi jadawalin mako a rubuce, ki ƙirga awa nawa ne na jiyya, awa nawa na zaman banza. Ki ce a shiga da ke ɗakin kwana, banɗaki da kicin, ba ofis kaɗai ba. Ki dubi waɗanda ke ciki: idan rana tsaka ce amma kowa na layi, baki na dalala, to da allurar barci ake riƙe da su. Sarƙa, mari, duka, horo da yunwa, aikin ƙarfi da sunan gyaran hali, hana iyali ziyara na watanni, ƙin gaya miki sunan maganin da ake ba shi, ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ki juya. A 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kiran a rufe wuraren tsare masu shaye-shaye da ƙarfi, saboda babu shaidar suna warkarwa, ga kuma cin zarafi. Haka nan duk wanda ya ce miki waraka ɗari bisa ɗari ce a wurinsa, ki tambaye shi yadda yake bibiyar waɗanda ya sallama bayan shekara ɗaya. Galibi shiru za ki ji. Kyan gini da na'urar sanyaya ɗaki ba sa cikin ma'auni.

Nisa ma abin dubawa ne a babban birni. Jiyyar da sai an sha awa biyu a cunkoso kafin a isa, kullum ko sau uku a mako, ba ta daɗewa ake barinta. Wurin da ya fi kusa da gida ko wurin aiki, ko da bai kai wancan suna ba, sau da yawa shi ne ake ɗorewa da shi.

Batun kuɗi, ki nemi lissafi a rubuce: me ke cikin kuɗin wata, me ake biya daban, gwaji da magani na ciki ko a'a, nawa ake mayarwa idan ya fita kafin lokaci. Idan yana da inshorar lafiya ki tambaye su da kanki abin da suke ɗauka. Kada ki ƙarar da abin hannunku a kan wata ɗaya na cibiya mai tsada, alhali watanni shida na bayan fitowa su ne ke bukatar kuɗin mota, magani da ganin likita.

Ba ki faɗa ko shi yana son zuwa ba. Idan ba ya so, kada a yaudare shi da "zo ka raka ni", kada a turo ƙarti su ɗauke shi. Wanda aka kai ta haka yakan ƙirga kwanaki ne har a sake shi, ya fito babu sauran yarda tsakaninku. Tilas tana da hurumi ne kawai idan ya zama haɗari ga ransa ko na wani, ko hankalinsa ya gushe, shi ma ta hanyar likita da dokar ƙasar. In ba haka ba, ki same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ke kaɗai ko da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. Ki faɗi abin da idonki ya gani, ba sunan da kika ba halinsa ba. Ki roƙi abu ƙarami, ganin likita sau ɗaya a kan rashin barci ko ramar da ya yi, kuma ya kasance kin riga kin karɓi ranar. Ki daina ba shi tsabar kuɗi da biya masa bashi, amma kada ki yanke abinci da magana. Idan ya ƙi, ke ki je. Cibiyoyin kirki suna ganin 'yan'uwa su kaɗai, su koya musu yadda ake jawo mai shaye-shaye ba da faɗa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a sallame shi ya kasance akwai ranar ganin likita a cikin makon farko, da isasshen magani har zuwa ranar, da abin da zai riƙa yi da yininsa, da taron da zai riƙa halarta. Komawa ruwa abu ne da ke faruwa. Ƙiyasin waccan cibiya ta Amurka shi ne kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kusan daidai da yadda hawan jini da asma ke dawowa. Idan ya faru, a koma wurin likita a cikin makon, a gyara tsarin. Haɗarin shi ne bayan ko da mako biyu na rashin sha, jikinsa ya daina ɗaukar adadin da ya saba, idan ya sha irin na da yana iya mutuwa. Makonnin farko bayan fitowa daga cibiya ko gidan yari su ne lokacin da aka fi rasa su. A gaya masa wannan ɓaro-ɓaro kafin ya fito.

Ki tambayi likita nalokson, maganin gaggawa mai karya aikin dangin mofin idan an sha fiye da kima, ki ajiye a gida tun yanzu, kowa ya san inda yake. Akwai na allura, akwai na fesawa a hanci. Idan kika same shi ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, baƙin idonsa ya ƙanƙance, leɓensa ya sauya launi, ki kira motar asibiti, ki ba shi nalokson, in bai farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3 ki ƙara. Idan ba ya numfashi ki ɗaga haɓarsa, ki toshe hancinsa, ki hura masa iska ta baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5. Idan yana numfashi ki kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa komai ta baki, kada a bar shi wai ya yi barci ya wartsake. Nalokson ba ya karya ƙwayoyin barci, amma duk da haka a ba shi, ba ya cutarwa. Aikinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, tiramol kuwa ya fi haka daɗewa a jiki, don haka ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, sai an kai shi asibiti.